Kejin da Uwar Ɓera Ta Ƙi Wankewa

Shekara goma sha tara Uwar Ɓera ta yi tana wanke kashin ɓera, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. In aka tambaye ta inda take aiki, takan gyara zama ta ce a cibiyar bincike. In mai tambaya ya zaƙe ya ce wane sashe, sai ta ce, "Sashen masu gidan. Su suke kwana a can, mu da manyan likitocin duk zuwa muke yi mu tafi."

Gaskiya ta faɗa. A ƙasan ginin cibiyar akwai ɗakuna huɗu marasa taga, cike da fararen ɓeraye wajen dubu uku, a cikin kejin roba mai haske, kowane keji da kwalbar ruwansa a kife a sama da katinsa a gaba. Masana ne suke sauya musu ƙwayar gado, wato abin nan da ɗa yake ɗaukowa daga iyaye, don su zo da irin ciwon mutane, a nazarci ciwon a jikinsu, a gwada magani. Ba a shiga wurinsu sai da doguwar riga da hula da takunkumi da safar hannu. "Ni da na auri mutum sukutum," in ji ta, "ban taɓa yi masa wannan shirin ba."

Aikinta shi ne ta juye tsohuwar dusar katako, ta kankare keji, ta tura shi injin tururi, ta cika kwalaben ruwa. Wajen tsabta kuwa, ba a magana. Kejin da ya bi ta hannunta, ka ga fuskarka a ciki har da furfurar da kake ɓoyewa.

Mijinta mai gyaran firji ne, unguwa tana kiransa Injiniya. Kullum da safe yakan duba tarkon da ya ɗana a bayan buhun hatsi, ya ce, "Maman yara, na kama surukinki."

"Wannan ɗan tasha ne," takan ce. "Nawa 'yan boko ne, kowa da lambarsa."

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi. A shekararta ta farko, tana ɗokin a yaba mata, ta tarar da wata ɓera ta haihu 'ya'ya takwas, jajaye, ba gashi, kowane bai kai ɗan yatsa ba. Ta ga kejin ya yi datti, ta kwashe su da uwar ta sa su a sabo fes, ta zubar da tsohuwar sheƙar. Washegari ta dawo ta tarar da uwar ita kaɗai a lungu tana rawar jiki. Ta cinye su duka. Uwar Ɓera ta shiga bayan injin tururi ta yi kuka mai isarta. Tun ranar ta san cewa ɓera mai sabon jego da hanci take gane gidanta. Ka ɗauke mata warin, ka ɗauke mata hankali. Ba wanda ya rubuta mata wannan a littafi, ita ma ba ta taɓa zaton ilimi ba ne.

A hawa na biyu akwai Dakta, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai faɗa kamar barkono, wadda ita kaɗai ce a duk cibiyar ta iya yi wa ƙwan ɓera allura. Ita take cusa sabuwar ƙwayar gado a cikin ƙwai tun bai zama komai ba. Saura shekara guda ta yi ritaya, idonta kuma ya fara gardama. Sai aka ce ta buɗe kwas na wata uku, ta horar da mutum shida, a ɗauki guda ya gaje ta.

Ana cikin wannan ne Dakta ta sauko ƙasa wata rana ta iske Uwar Ɓera ta riƙe wani jaririn ɓera da zaren auduga ya naɗe masa ƙafa, tana warwarewa da hantsaki, tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa. Dakta ta tsaya har aka gama.

"Miƙo hannunki," ta ce.

Ta ɗora mata 'yar takarda a bayan hannu, ta duba agogo. Minti ɗaya, takarda ko gezau.

"Gobe ki hau sama."

"Ranki ya daɗe, na saman ma ni zan wanke?"

"Karatu za ki yi."

Manaja ya yi tsalle ya dire. Sabon zuwa ne, daga wani kamfanin otal aka ɗauko shi, mutum ne mai son ƙa'ida da ƙyallin tayil. Ya ce sauran biyar duk masu digiri ne, ita kuwa takardar sakandare gare ta, ita ma ta tsufa. Dakta ta ce allurar ba ta iya karatu ba, ba za ta tambayi takarda ba. A ƙarshe aka daidaita: za ta shiga, amma kuskure ɗaya, ta koma ɗakin wanki, kuma kada a sake ta da zancen.

Ranar farko ta leƙa madubin nan mai ƙara girman abu, ta ga ƙwan yana iyo, kewayayye kamar farin wata. A waje kuwa bai kai ɗigon biro ba. Hannun hagu yana juya wani bututun gilashi da yake tsotse ƙwan ya riƙe shi. Hannun dama yana tura allurar gilashi wadda ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ka soka, ka zuba ɗan ruwan da ke ɗauke da ƙwayar gadon, ka zare. In ka yi gaggawa ƙwai ya fashe. In ka yi nawa ya mutu. In ka yi atishawa, to, Allah ya ba ka haƙuri.

A makon farko ta fasa arba'in da uku.

"Me kika yi da hannun nan yau da safe?" in ji Dakta.

"Ba komai, ranki ya daɗe. Wanki kawai na yi, na ɗebi ruwa, na goge tsakar gida."

"Shayi fa?"

"Kofi uku. Amma ƙananan kofuna ne."

"Daga yau ba wanki, ba ɗaukar bokiti, ba shayi sai an tashi aiki. Hannun da ya matse zannuwa da safe rawa yake yi har azahar, ke ba ki gani, allura tana gani."

Da ta kai wa Injiniya wannan labari, sai da ya ajiye cokali.

"Ke nan saboda ɓera zan yi wanki?"

"Saboda ilimi, Baban yara."

"Ilimin ɓera."

Amma washegari ya tashi ya ja baho. Maƙwabcinsa direba ya leƙo ta katanga ya gan shi yana shanya zanin gado, ya ce, "Injiniya, an canja sana'a ne?" Injiniya ya ce, "Matata likitar ƙwai ce. Taka fa?" Direba ya mai da kansa.

Hannu ya zauna. Karatun takarda ne ya zame mata dutse. Akwai wani a cikin ɗaliban, dogo mai tabarau, ana ce masa Digiri Biyu saboda ba ya gama gaisuwa bai ambace su ba. Ya san sunan kowane sinadari, amma in ya miƙa hannu cikin keji sai ɓera ta gatsa masa cizo. Suka yi musaya. Lokacin cin abincin rana shi ya zana mata yadda gado yake bi daga uwa zuwa ɗa, ita ta koya masa kama ɓera.

"Gwaggo, me ya sa ke ba sa cizonki?"

"Ni gaishe su nake yi. Kai kana zuwa kamar mai karɓar haraji."

Jarrabawar ƙarshe mai sauƙin faɗa ce. Ɓerayen gidan duk farare ne tas, kaka da kakanni. Kowane ɗalibi zai yi wa ƙwai allurar ƙwayar gado mai ba da launi, ya dasa su a cikin wata ɓerar ta goya cikin, ta haife su. In aikin ya kama, za a ga ɗa mai launi a cikin farare, ba sai an tambayi kowa ba. Sharaɗin Dakta shi ne a kai su yaye da ransu, kwana ashirin da ɗaya. "Ɓeran da ya mutu," ta ce, "bai amsa tambayar kowa ba."

Uwar Ɓera ta yi wa ƙwai sittin allura, ta dasa waɗanda suka rayu a cikin wata 'yar budurwar ɓera da ba ta taɓa haihuwa ba. Ta ɗinke ta da kanta, ɗinki biyu. Ta raɗa mata suna Amarya. Bayan kwana goma sha tara, ranar Litinin, ta shigo da safe ta ga Amarya ta tara audugar sheƙa ta yi tudu ta shige ciki, daga ƙasan tudun kuma ana jin wani ɗan tsiwi-tsiwi. Na sauran ɗaliban ma duk a tsakanin Lahadi da Litinin suka haihu. Dakta kuwa ta tafi taron masana, sai bayan kwana goma.

Ranar ce takarda ta iso cewa masu duba lafiyar dabbobi za su zo Laraba. Manaja ya tara kowa a baranda ya ce gobe Talata a canja kowane keji a gidan nan, daga na farko har na ƙarshe. Ba ya son baƙi su ga ko ƙwayar kashi.

"Yallaɓai," in ji Uwar Ɓera, "ban da masu jego."

"Na ce kowane."

"Haihuwar fari ce, ga ɗinki a jikinsu. In aka taɓa su yanzu, za su watsar da 'ya'yan ko su cinye."

"A wane littafi?"

Littafi kam ba ta da shi. Ta dubi Digiri Biyu. Shi ma ya dubi takalminsa. Ƙa'idar gidan a rubuce take, keji duk mako, kuma makon ya cika.

"Ikon Allah," in ji Manaja. "Ke da aka ce duk gidan nan ba mai tsabtarki, wata uku a sama har kin fi ƙarfin wanki?"

Wannan ta shige ta. Ta koma gida ranar fuska a murtuke. Injiniya yana ninke kaya, ya dube ta ya ce, "Wa ya mutu?" Ta faɗa masa duka. In ta wanke, 'ya'yan za su tafi, jarrabawa ta tafi. In ta ƙi, Manaja ya samu kuskuren da yake jira.

"To ke me kika sani?" ya ce.

"Na san za ta cinye su."

"Ni in na san waya za ta ja ni, ko mai firjin ya yi rantsuwa ba na taɓawa. Miƙo min wancan zanin."

Talata da safe aka hau canjin keji. Ɗalibai biyar suka kwashe jariransu zuwa sababbin gidaje, har suna ƙirgawa suna ɗaukar hoto. Uwar Ɓera ta taya ma'aikatan wanki canja keji ɗari biyu da hannunta, don kada a ce ƙiwa ce. Da aka zo kan na Amarya, ta yage murfin wani kwali, ta rubuta da baƙin alƙalami: MAI JEGO CE. KADA A TAƁA. Ta maƙala a gaba, ta ja kujera ta zauna.

Manaja ya zo da kansa.

"Tashi."

"Yallaɓai, ka yi haƙuri."

"Kin san abin da wannan yake nufi?"

"Na sani. Baho na nan inda na bar shi, bai manta da ni ba."

Ya miƙa hannu wajen kejin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "In ka buɗe, kai za ka gaya wa Dakta." Hannun ya tsaya a iska, ya koma aljihu.

Laraba baƙi suka zo, su uku. Suka zagaya ɗakunan nan masu ƙyalli, Manaja yana gaba yana murmushi. Babbansu, wani dattijo mai sanƙo, ya tsaya a gaban keji ɗaya tilo mai datti a cikin gidan. Ya karanta kwalin. Ya sunkuya ya kasa kunne. Ya rubuta wani abu a littafinsa, ya wuce. Murmushin Manaja ya bi shi ya fita.

Kafin la'asar takardar tuhuma ta same ta. An dakatar da ita daga kwas har Dakta ta dawo, ta koma ɗakin wanki. Kejin kuwa, Manaja ya ce a bar shi yadda yake, dattinsa da komai, don Dakta ta ga shaida da idonta.

Ta mai da tsohuwar rigarta ta roba. Abokan wanki ba su yi mata dariya ba, sai ɗaya da ta ce, "Sannu da dawowa daga jami'a."

Washegari aka fara ganin abin. Uku daga cikin masu jegon nan biyar sun hallaka 'ya'yansu. Ta Digiri Biyu ta watsar da nata a kusurwa huɗu na sabon kejin, sun yi sanyi. Ya sauko ɗakin wanki, ya tsaya a bakin ƙofa, tabarau a hannu.

"Gwaggo, na ji abin da kika ce. Tsoro na ji."

"Na sani, ɗana. Ni ma sai da na kashe takwas kafin na koya. Je ka bayan injin can, wurin yana da kyau, ba mai ganinka."

Nata kuwa ba ta sani ba. Tudun auduga ya rufe komai, kuma ita da ta hana a buɗe ba za ta buɗe ba. Amma cika kwalaben ruwa aikin ɗakin wanki ne. Shekara goma sha tara tana karɓar kwalabe, ta san ta mai shayarwa tun daga nesa, don ita take dawowa a ƙafe. Kullum da safe takan zare kwalbar Amarya a hankali, ta ɗaga ta a haske. Ranar farko ruwan ya sauka yatsa ɗaya. Ranar ta huɗu, yatsa biyu. Ranar ta bakwai ya kusa rabi. Ta dawo gida tana 'yar waƙa.

"An mai da ke ne?" in ji Injiniya.

"A'a. Amarya ce take shan ruwa."

"Allah ya shirye ki," ya ce, ya ci gaba da matsar wando.

Dakta ta dawo ranar da jariran suka kwana goma. Ta karanta takardar tuhuma a tsaye, jaka a kafaɗa. Ta ce a kira kowa ƙasa. Suka jeru cikin riguna da takunkumi, ido kawai ake gani. Manaja ya nuna kejin ya fara jawabi. Dakta ta ce, "Ke, buɗe abinki."

Uwar Ɓera ta ɗebi 'yar tsohuwar dusa ta murza a safar hannunta, don ta ɗauki warin gidan. Ta ɗaga murfi. Ta ce, "Salamu alaikum, Amarya, mu ne." Ta buɗa audugar da yatsa biyu.

Bakwai ne, a cure wuri ɗaya, ƙosassu, gashi ya fito musu luf. Huɗu farare kamar uwar goyonsu. Biyu toka-toka. Na bakwai dabbare-dabbare, kamar wanda aka fara yi wa fenti aka kira mai fentin.

Dakta ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ɗauki mai dabbaren ta juya shi a tafin hannu.

"Uku cikin bakwai," ta ce. "Ni a karona na farko ɗaya na samu, shi ma da ƙyar." Ta juya wajen Manaja. "Wa ya ce a canja wa masu jego keji?"

"Ƙa'ida ce ta ce."

"To laifina ne da ban rubuta ba. Na ɗauka kowa ya sani. Ashe mutum ɗaya ce ta sani, ita ma kun kore ta." Ta ninke takardar tuhumar ta miƙa masa. "Riƙe, ka yi fifita."

Bakwai ɗin nan duk sun kai yaye. A makon ne rahoton baƙi ya iso. Game da keji mai datti, layi ɗaya dattijon ya rubuta: kwali da rubutun hannu ba ya cikin tsari, a buga katin da inji, a sa wa kowace mai jego. Manaja ya sa aka buga ɗari biyar, jajaye, masu kyau. Har yau in baƙi suka zo, shi yake fara nuna musu, yana cewa wani tsari ne da muka ɓullo da shi.

Gurbin Dakta, Uwar Ɓera aka ba. Abu na farko da ta roƙa shi ne a bar waɗanda suka rasa jariransu su sake jarrabawa. Digiri Biyu ya ci a karo na biyu, yanzu teburinsa yana kusa da nata, shi yake rubuta rahoto, ita take allura. Kwas ɗin bai mutu ba. Duk shekara sababbin ɗalibai suna zuwa daga wurare masu nisa, kowa da ɗokin ya taɓa madubi. Ita kuwa ba ta bari. Makon farko a ɗakin wanki suke yinsa, da rigar roba, suna karɓar kwalabe. Sai ɗalibi ya iya ɗaga kwalba ya faɗa mata wace ce mai shayarwa, sannan ya hau sama.

Ranar da aka ba ta takardar shaida, Injiniya ya sa aka yi mata firam, ya kafa ƙusa a falo, ya ja da baya ya duba ko ta karkace. Ya kira direba ya zo ya gani. Bayan baƙo ya tafi, ya shiga ciki ya fito da baho cike da kaya, ya dire a gabanta.

"To, Likita, an gama karatu. Ga amanarki na dawo miki da ita."

Ta ɗaga hannayenta biyu, ta juya su gaba da baya a gaban idonsa.

"Baban yara, gobe ina da ƙwai tamanin."

"Jibi fa?"

"Jibi ɗari."

Ya dube ta, ya dubi takardar da ke bango, ya sunkuya ya ɗauki bahonsa.

"Sabulun ya kusa ƙarewa," ya ce. "In za ki dawo ki taho da shi. Ko shi ma ya yi wa hannun nauyi?"